FILIN ZAMAN IYALI: Lambun Kaka Da Baƙin Dogon Hutu

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara, idan makarantu suka rufe domin dogon hutu, duk wanda ya leƙa tashoshin mota na Agege a Ikko, ko unguwar Sabo ta Badun, ko Fatakwal, ko kuwa Zuba ta kusa da Abuja, zai tarar da waɗansu irin fasinjoji da ba a cika gani a sauran watanni ba. Yara ne maza da mata, kowa da 'yar jakarsa, an damƙa su a hannun wata gwaggo ko wani amintaccen direba, za a kai su Arewa su ga kakanninsu. Waɗansunsu tafiyar da ke gabansu ta kai wajen kilomita 1,000, gama kusan haka nisan Ikko da Kano yake. A can inda za su kuwa akwai wani tsoho ko wata tsohuwa da ke ta ƙirga kwanaki, ana share ɗakin baƙi, ana shanya tabarmi, ana leƙen ƙofar gida duk sa'ad da aka ji ƙugin mota.

Abin lura a nan shi ne, wannan hutu yana faɗowa daidai tsakiyar damina, lokacin da ƙasar Hausa take kore shar, kowane kango da kowane lungu ya tsiro da abin miya. Wannan dacewa ce ta sa filin nan a wannan mako zai tsaya a kan 'yar gonar bayan gida, wadda waɗansu ke kira lambu, waɗansu kuma su ce garka. Ga mai kallo daga nesa, 'yan kunyoyin kuɓewa ne da rama, waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amma ga gidan da jikoki ke zuwa hutu, nan ne tsoho da yaro suke samun abin da zai haɗa hannunsu da bakinsu har tsawon mako 6. In babu irin wannan abu, abin da kan faru shi ne a gaisa ranar isowa, a yi sallama ranar komawa, tsakani kuwa kaka yana zaure yana jan carbi, jika yana ɗaki yana latsa waya, a rabu ba wanda ya san wani.

Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A ɗauki misalin dattijon da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya koma garinsu a ƙasar Zazzau, 'ya'yansa kuwa neman abinci ya warwatsa su, wannan yana Ikko, wancan yana Abuja, 'yarsa tana aure a Jos. In yana so jikokinsa su tarar da abin tsinka, to ba ranar da suka sauka zai nemi fartanya ba. Lissafinsa yakan fara ne tun ruwan shuka, a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, yana ƙirge daga ranar da ake sa ran baƙi yana dawowa baya.

Kuɓewa mai saurin yi takan fara 'ya'ya bayan kwana 50 zuwa 60 da shuka, saboda haka wadda aka shuka a farkon Yuni ita ce za ta yi wa baƙin maraba a farkon Agusta. Masara mai gaggawa tana bukatar kwana 70 zuwa 80 kafin ta isa gashi, watau za ta nuna ana tsakiyar hutu. Rama da yakuwa ana fara tsinkar ganyensu bayan kamar mako 6. Barkono da gauta sai an yi renonsu a fangali wajen mako 5 ko 6 kafin a dasa, don haka da su ya kamata a fara tun ana jiran ruwa ya zauna. Alayyafo kuwa, da yake mako 4 zuwa 5 ya ishe shi, mai hikima ba ya shuka shi duka. Yakan bar fangali biyu ko uku fayau, ya ƙulle irin ya ajiye, sai yara sun iso su shuka da hannunsu, domin shi ne abin da za su ga farkonsa su kuma ga ƙarshensa kafin a koma makaranta.

Bayan lissafin kwanaki sai gyaran wuri. Takin gida ya wadatar da irin wannan lambu, watau kashin awaki da na tumaki da na kaji, muddin an bar shi ya ruɓe sosai, gama ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi. Sa'an nan Agusta watan marka ne, ruwa ya fi yawa a cikinsa, abin tsoro a lokacin shi ne ruwa ya kwanta a gindin shuka saiwa ta ruɓe. Maganin wannan shi ne a ɗaga kunya sosai, a kuma yanka wa ruwa hanyar fita. Daɗin daɗawa tilas ne a yi shinge. Dangar kara tana yi, amma wanda ya kakkafa rassan zogale a jere da damina ya fi dacewa, domin za su kama su yi saiwa, ya sami shinge ya kuma sami abin kwaɗo shekara da shekaru. Wanda ya yi sakaci da shinge zai gane cewa akuya guda tana iya gamawa da aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar, ta kuma bar gaba tsakanin maƙwabta.

Mai karatu zai lura ba a ambaci tumatir ba. Dalili kuwa shi ne tumatir ba ya son yawan ruwa da laima. Da damina cututtukan ganye da ruɓewa kan dame shi, shi ya sa manyan masu nomansa na Kadawa da Kura a Jihar Kano suka fi dogara ga noman rani. Wannan ne kuma ya sa yakan yi tsada a kasuwa daidai lokacin da gida ya cika da baƙi. Masu cefane ba su manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan al'amarin. Gidan da ke da kuɓewa da yakuwa da lalo da alayyafo a bayan ɗaki bai cika jin zafin irin wannan tsada ba, domin miyar gargajiya ta damina tun asali ba ta rataya ga tumatir ba.

Jikan Birni A Bakin Kunya

Hausawa sun daɗe a kurmi. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, akwai kuma gidaje a Agege da kakannin kakanni suka zauna. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami yaro Bahaushe wanda Yarabanci da Turanci suka fi zama a bakinsa, wanda kuma iyakar saninsa da kuɓewa shi ne a kwando take zuwa kasuwa. Irin wannan yaro bai taɓa ganin furenta ba, mai ruwan ɗorawa da jan ciki, wanda ke buɗewa da safe ya yanƙwane kafin yamma. Ranar da ya fara ganinsa, ya kuma ga bayan 'yan kwanaki ɗan ƙanƙanin ɗa ya fito a gurbin furen, ya koyi abin da littafin kimiyya na aji ya daɗe yana so ya koya masa. Gani ya kori ji.

Al'ada ta riga ta share wa kaka hanyar shiga zuciyar yaro. Tsakanin uba da ɗansa, musamman ɗan fari, akwai kunya da kawaici, amma tsakanin kaka da jika wasa ne. Tsohuwa takan tari jikanta namiji tun daga zaure da cewa, "Maigida ya iso, ina cefanen da ka kawo mini?" Jika mace kuwa kishiya ce, ana yi mata tsiya cewa ta zo ƙwace miji. Tsoho shi ma yakan kira jikarsa amarya, jikansa kuwa aboki. In an yi dace yaron takwaransa ne, wanda ake sakaya sunansa da Abba, to abin sai ya ƙara armashi. Wannan wasa shi ke ba yaro damar tambayar abin da ba zai iya tambayar ubansa ba, ya yi kuskure a yi dariya, ya sake gwadawa ba tare da fargaba ba.

A bakin kunya kuwa harshe yakan dawo da kansa, ba allo ba bulala. Yaro zai ji sungumi da fartanya da hauya, ya riƙa kowanne a hannu ya san aikinsa. Zai ji huɗa da firi da maimai da dashe, ya gan su ana yi. Zai koyi rarrabe rama da yakuwa, ya ji cewa daga ɓawon rama ake tufka igiya, ya kuma yi mamakin jin cewa zoɓon da yake saye a gora a titin Ikko daga jar yakuwa ake samunsa. Wani lokaci ma karatun yakan juya, gama yaron da aka nuna wa lalo yana iya cewa ai ya san wannan, a can ewedu ake ce masa, da amala ake ci. Kakan da ke da wayo sai ya karɓi sunan, ya maimaita shi a karkace don a yi dariya, yaro ya gyara masa. Daga ranar yaron ya san shi ma yana da abin bayarwa.

A tsarin noman gandu na dā, maigida yakan yanka wa kowane ɗa 'yar gonarsa ta kansa, wadda ake kira gayauna, ya noma ta bayan an tashi daga aikin gandu, abin da ta bayar kuwa nasa ne. Wannan hikima tana aiki har a lambun da bai fi faɗin ɗaki biyu ba. A ba kowane jika fangalinsa, a kafa masa kara ya zama alama. A nuna masa yadda ake cuɗa irin alayyafo da yashi kafin a yafa, saboda ƙanƙantarsa, don kada ya taru wuri ɗaya. Daga nan sai jira, wanda shi ne mafi wuya ga ɗan zamani. Kashegari da asuba zai zo ya tsuguna yana leƙe, wani ma har ya tona ya ga ko irin yana nan. Yakan ce, "Kaka, har yanzu bai fito ba." Tsoho kuma yakan amsa, "Haba abokina, kai da ka yi wata tara kafin ka fito, shi ba za ka ba shi kwana huɗu ba?"

Ba kowane fangali ne zai yi kyau ba. Kaza tana iya tone na wannan, ruwan dare ya wanke na wancan. Kuskure ne kaka ya lallaɓa da dare ya sake shukawa don kada yaro ya yi kuka. Gara a bar shi ya ga asarar, a zauna tare a gano dalilinta, a tare kaza da ƙaya, a ɗaga fangali, a sake yafa iri. Yaron da ya ga shukarsa ta lalace, ya sake, ta yi, ya sami abin da zai tuna ranar da ya faɗi jarrabawa ko ciniki ya karye masa.

Zumunta A Ƙafa Take

Kuɓewa tana da wata ɗabi'a, watau in ta fara 'ya'ya sai an riƙa tsinkarta bayan kowane kwana 2 ko 3, in ba haka ba ta ƙosa ta zama itace, uwar kuma ta rage haihuwa. Kunya goma ta kuɓewa tana iya fin ƙarfin tukunyar gida ɗaya, ga shi kuwa da marka ba a samun ranar shanya. To a nan ne tsohuwa take nuna gwanintarta. Sai ta kasa a 'yan kwanuka, ta ɗora ganyen yakuwa ko gauta biyar a kai, ta kira jikoki. Wannan na gidan baffa ne, wannan na gwaggo, wannan na kawu, wannan na liman, wannan kuma na tsohuwar nan ta ƙarshen layi da mijinta ya rasu bara.

Aike ne ƙarami, amma a duba abin da ke cikinsa. Dole yaro ya nemi gidan, ya yi sallama, ya durƙusa ya gaisar, ya faɗi ko shi ɗan wane ne. Za a riƙe hannunsa a ce kamar an tsaga kara da ubansa, a ba shi labarin ƙiriniyar da uban ya yi a wannan lungu, a sallame shi da tukwicin ƙwai biyu ko dafaffiyar gyaɗa. Kafin hutu ya ƙare ya san ƙofofin danginsa da ƙafarsa, su ma sun san fuskarsa. Wata rana za a yi rasuwa, ko rabon gado, ko neman aure, ko kuwa zama ya yi tsanani a inda ake ci-rani a bukaci komowa gida. Ran nan akwai bambanci mai yawa tsakanin wanda za a ce, "A'a, ai mai kawo mana kuɓewa ne," da wanda za a tsaya ana tambayarsa daga ina. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Abin da ya rage kuwa ya shiga madafa. Ga faten tsaki da rama da yakuwa, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga dambu, ga miyar ɗanyar kuɓewa da tuwon masara, ga gasasshiyar masara da yamma ana jin ruwa a kan kwano. Iyaye mata da yawa sun sha mamakin yadda yaron da ba ya taɓa ganye a birni yake share kwano a gidan kaka, alhali dalilin a fili yake, shi ya shuka, shi ya tsinko. Ma'aikatan lafiya kuwa sun daɗe suna bayyana cewa ganyaye irin su zogale da alayyafo suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, da bitamin A mai taimakon ido, abubuwan da yaro mai girma yake bukata.

Daga 1976 Zuwa Yau

Kakannin yau ba baƙin wannan aiki ba ne. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira ga ma'aikata da 'yan makaranta da kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne. A wannan shekarar ce kuma aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin na bunƙasa noma. Yaron da yake firamare a lokacin, yana ɗaukar fartanya zuwa gonar makaranta, yau ya kai shekara 60 ko ya kusa, shi ne kuma ake kira kaka. Watau ilmin yana nan a hannunsa. Abin tambaya shi ne ko zai miƙa shi, ko kuwa za a binne shi da shi.

Abin da ya sake tun daga wancan zamani shi ne fili. Gidan da dā yake da kangon baya an yanka shi an yi shaguna, tsakar gida an malale ta da siminti, gonakin bakin gari sun zama fulotai. Duk da haka rashin fili bai zama hujja ba. Buhun da aka cika da ƙasa da taki, aka huda gindinsa don ruwa ya fita, yana ɗaukar kuɓewa biyu ko barkono ko alayyafo, haka nan tsohon bokiti da tsohuwar taya. Buhu goma a jikin katanga lambu ne. Wanda kuma yake son ingantaccen iri yana iya neman shawarar malaman gona na yankinsa, gama ƙasar nan tana da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken kayan lambu da aka kafa a Badun a 1975. Amma kada wannan ya sa a yar da irin gida, wanda tsohuwa ke bari ya bushe a jikin uwa, ta rataye a madafa hayaƙi ya kare shi daga ƙwari. Wannan iri ya saba da ƙasar wurin, shi ma gado ne.

Abubuwan Da Ke Tare Hanya

Gaskiya ce ziyarar dogon hutu ta ragu a gidaje da yawa, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa iyaye laifin duka. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin da magidanci mai 'ya'ya huɗu sai ya yi dogon tunani kafin ya tura su Arewa su dawo. Ga kuma rashin tsaro a waɗansu hanyoyi da ƙauyuka. Harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris, 2022, ya sanyaya gwiwar mutane da yawa. Uban da ya hana 'ya'yansa zuwa garin da masu satar mutane ke kai wa hari bai yi laifi ba, kakan kirki ma shi zai fara cewa kada a kawo su.

Amma akwai dalilan da ba su kai waɗannan nauyi ba. Na farko shi ne darasin hutu da ake kira lesin, wanda ya cinye hutun yara da yawa, har ya zama yaro yana aji wata goma sha biyu. Karatu abu ne mai kyau, sai dai lissafin da aka rasa a Agusta ana iya rama shi a Oktoba, kaka kuwa in ya tafi ba a rama shi. Na biyu shi ne zaton cewa gaisuwa ta waya ta wadatar. Waya ta yi rana ƙwarai, tana sa a ji murya a ga fuska, amma ba ta kai kwanon kuɓewa gidan gwaggo. Inda hali bai ba da mako 6 ba, mako 2 ma wani abu ne. Inda ba a iya tura yara duka, a riƙa yin karɓa-karɓa, bana manya, baɗi ƙanana. Inda kuwa hanya ta ƙi sam, to kaka shi ya tashi ya je, ya ƙulla irin alayyafo da kuɓewa a bakin rawani ko gefen zane, a nemi buhu a cika da ƙasa a can birnin.

Gyara Kayanka

Akwai kuma 'yan gyare-gyare da suka shafi kakannin su kansu. Wani tsoho yakan so lambunsa har ya manta dalilin da ya sa ya yi shi. Yaro ya taka kunya a daka masa tsawa, ya tsinki masara ba ta ƙosa ba a kai masa duka, sai ya zama yaron yana ganin lambu ya canza hanya. Masara guda ba ta kai zuciyar jika ba. Haka nan kada a mai da baƙi 'yan ƙwadago. Sa'a guda da sanyin safiya ta isa, saura a bar su su yi wasa da 'yan'uwansu. A kuma kiyayi bambanci tsakanin 'ya'yan ɗa da 'ya'yan 'ya, ko tsakanin na mai kuɗi da na talaka, domin yaro ba ya manta wanda aka ba babbar masara.

Ta wajen lafiya, rigakafi ya fi magani. Damina lokacin sauro ne da zazzaɓin cizon sauro, saboda haka kowane yaro ya kwana cikin gidan sauro, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a gwangwani ko tsohuwar taya. A jihohin Arewa ma'aikatan lafiya sukan bi gida gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin wannan zazzaɓi wata wata. In sun zo kada a ɓoye ƙananan baƙi. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jininsa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A rufe bakin rijiya. A nome ciyawar gefen shinge saboda maciji, a hana yara shiga lambu da duhu ko ba takalmi. Maganin ƙwari na kanti kuwa, in ya zama dole, a kulle shi inda hannun yaro ba ya kai, kada a taɓa zuba shi a kwalbar lemo. Ga ƙaramin lambu ma sau da yawa barbaɗa toka a ganye, da yayyafa ruwan da aka jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, da tsince tsutsa da hannu, sun wadatar.

Su kuma iyaye su tuna cewa tsohon da ke jiran fansho ba shi da ƙarfin ciyar da baki takwas na tsawon wata guda da rabi. Lambu miya yake bayarwa, ba ya ba da hatsi da mai da sabulu. Ya kamata yara su zo da abin da zai rage nauyi, ko a aiko da shi a asirce ba tare da an jira tsoho ya buɗe baki ya roƙa ba, gama ba zai roƙa ba. A tuna kuma da tsohuwa da matan gidan, waɗanda su ne ke tsaye a gindin murhu safe da yamma. Manyan jikoki, maza da mata, su kama musu ɗiban ruwa da wanke-wanke.

Ranar Komawa

A farkon Satumba ko tsakiyarsa sai a fara ɗaure kaya. Tsohuwa ta kawo tsaraba, ga kuka, ga daddawa, ga yaji, ga ƙuli-ƙuli, ga sabuwar gyaɗa in ta samu. Tsoho kuma ya ƙulla wa kowane jika ɗan iri a takarda, ya ce a gwada a can. A zagaya lambu zagayen ƙarshe, a tsaya a kan kabewar da ta yaɗu ta hau rufin ɗakin kaji. Ita kabewa sai ta yi wata 3 zuwa 4 kafin ta ƙosa, saboda haka yara za su tafi su bar ta ɗanya. Kowa yakan zaɓi tasa ya yi mata alama, kaka kuma ya yi alkawarin in ta yi zai ba direba ya kai musu.

Bayan mota ta tashi gida yakan yi tsit, har tsohuwa ta riƙa dafa abinci ya yi yawa kwana biyu kafin hannunta ya koma daidai. Tsoho ya koma lambu shi kaɗai, ya tarar da 'yan karan da aka kakkafa a bakin fangali, bai cire su ba. Shi ya sani, kamar yadda duk wanda ya manyanta ya sani, cewa ba a yi wa kowa alkawarin damina mai zuwa ba. Duk da haka zai bar kuɓewa mafi kyau ta bushe a jikin uwarta, ya rataye ta a madafa saboda baɗi. Abin da ya rage ga 'ya'yansa da ke birni shi ne su ma su fara nasu tanadin tun yanzu, ko da kaɗan kaɗan ne, domin in Allah ya kai rai Yuli ta zagayo, a sami kuɗin mota.

Allah ya ja kwanan iyaye da kakanni, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba da damina mai albarka, ya kuma tsare matafiya a kan hanya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.